Yadda Maniyyacin Gwaram Zai Auna Nisan Jidda

Daga filin jirgin saman Dutse zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne in an miƙe sak. Jirgi mai cin kilomita 850 a awa zai haɗiye su cikin awa huɗu, in an haɗa da tashi da sauka kusan huɗu da rabi. Wannan lissafin matuƙi ke nan. Maniyyacin Gwaram da ya dogara da shi zai sha kunya a gaban surukai.

Nasa lissafin daga ƙofar gida yake farawa. Ya ware kwana uku na bankwana, domin kowace gwaggo da za ta ce "a sa mu a addu'a" sai ta ɗora da launin kallabin da take so. Daga nan mota ta bi da shi ta Birnin Kudu zuwa Dutse. In direba mutumin yankin ne, kada maniyyaci ya katse shi idan ya fara bayanin cewa Sule Lamido na Bamaina ne ya gina filin da aka buɗe a 2014, kafin nan sai an je Kano. Bayanin yana cikin kuɗin mota.

A sansanin alhazai ake gane wanda ya shirya. Ya riƙe tabarma da buta da cajar waya, goron kuma ya cinye shi a nan, don Saudiyya ba ta maraba da shi. In an ce "jirgi yana hanya", kada ya tambayi wace hanya. Ya gyara shimfiɗa.

Sai batun agogo, inda ribar take. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi ƙarfe goma na safe zai sauka agogon Jidda na nuna kusan huɗu da rabi, ya yi ta ƙorafin tafiyar awa shida da rabi. Ranar dawowa kuwa ya bar Jidda goma, ya taka Dutse sha biyu da rabi. A majalisa yana da damar ya ce albarkar zamzam ce ta naɗe ƙasa, muddin babu malamin makaranta a kan benci.

Ya kuma bar gurbi a lissafin. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo. Ta Sudan ɗin kakanni suka riƙa bi a ƙafa zuwa Sawakin, su kwashe shekaru, wasu ma can suka zauna.

In uwargida ta tambayi lokacin da za a ɗora girkin tarba, ya ce a dakata sai ya bugo waya daga Birnin Kudu.