Wasiƙa Zuwa Ga Baba Laburare, Daga Wani Mai Bashi



Baba, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da kantocinka da kujerunka, da tsohuwar fankar nan ta tsakiyar zaure wadda tun ina ɗan sakandare take kukan ajali, har yau ba ta cika ba. A gaishe mini da Malam mai gadi. A gaishe da ƙadangarun taga. Gara kuwa ba ni da gaisuwa gare ta, kai ma ka san abin da ke tsakaninmu.

Da wuya ka gane ni. Lokacin da muka saba ina da gajeren wando da faso a ƙafa, yanzu kuwa furfura ta ci rabin gemu, ina sana'ar kafinta a bayan tashar mota. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba, Ruwan Bagajan nan naka da ya ɓace a shekarar 1988, mai hatiminka a shafin farko, yana wurina. Mako biyu aka ba ni. Ga shi an shekara 37.

Na zauna na yi lissafin tara, kada ka ce na zo da hannu biyu. A wancan zamani kwabo biyar kake ci a kan kowace ranar latti. Kwana 13,505 ke nan, kuɗi ya kama naira 675 da 'yan kwabbai. Da na ga jimlar sai na rasa wanda zan tausaya wa, ni ko kai ko naira. Laifin da na yi shekaru ina ɓoyewa, wanda ya sa in na hango ƙofarka nake sauya hanya in bi ta lungun masu wanki, ashe yau bai kai kuɗin kwanon gero ba. Kuma in za a yi adalci, ba ni kaɗai ke da alhakin ba. Kai ne ka ɗauki littafin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta yi wa juna wayo daga farko har ƙarshe, ka damƙa wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu. Me kake zato zai koya? Marigayi Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta shi, ya shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga a 1934 tare da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Huɗun duk na karanta a wurinka na mayar lafiya lau. Na biyar ne ya fi ƙarfin imanina.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, na dai fara da shi ne don bakina ya yi tsarki.

Kwanakin baya ina zaune wurin mai shayin da ke kallon katangarka, sai ga wata baƙar mota ta tsaya. Wani mutum ya fito, shadda tana ta ƙara, waya biyu a hannu ɗaya. Bai dubi allon sunanka ba, bai tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa ba. Katangar ya bi da taku, daga kusurwar gabas zuwa ta yamma, leɓɓansa suna motsi. Ni mai awo ne, na san mai ƙirga a zuci in na gan shi. Da ya dawo sai na ji ya ce wa na cikin motar, "Sha takwas a ƙasa, sha takwas a sama, ban da wurin ajiye motoci." Shaguna yake nufi, Baba. Kai yake yankawa da ranka.

Ka tuna gidan siliman da ke bayanka? Yau katifu ake sayarwa a wurin. Filin da muke buga ƙwallo ya zama gidan mai. Makarantar firamaren da na yi, shaguna sun yi mata ƙawanya har sai ka yi tambaya kafin ka gane ƙofa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kai kuwa gemunka na takarda ne.

Na san hujjar da za su zo da ita, domin na sha jin ta a majalisa: wai zamani ya wuce ka, komai yana cikin waya. Haka ne, akwai abubuwa a waya. Ɗana na uku yakan buɗe tasa da niyyar karatun kimiyya, bayan minti biyar in leƙa in tarar yana kallon wani ƙato yana rawa da tukunya a ka. Kafin ya dawo hayyacinsa data ta ƙare, kafin a sayi wata caji ya mutu, kafin a kawo wuta an shiga ɗakin jarrabawa. Sannan masu wannan magana su nemo mini a wayar tasu 'yan ƙananan littattafan nan na zamanin Yaƙi da Jahilci da hukumar NORLA ta buga a Zariya cikin shekarun 1950, waɗanda na taɓa gani jibge a ɗakinka na baya. Su nemo mini ɗaurarrun kwafen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939, mu ga abin da kakanninmu suke rubuto wa edita. Su nemo tsohuwar taswirar garin nan, wadda ke nuna inda kududdufai suke kafin a cike su a yi gini, watakila mu gane dalilin da ya sa duk damina ruwa yake kwana a ɗakunanmu.

Wasu kuma cewa suke kai baƙo ne, Turawa suka kawo ka. Sunan ne baƙo. Tun kafin a san biro malamai suke da ɗakunan littattafai, ɗalibi ya yi tafiyar kwanaki don a ara masa littafi guda, ya zauna ya kwafe shi da tawada ya mayar. Masana tarihi sun ce lokacin da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, a cikin wannan tashin hankali ba a bar littattafai a baya ba, a kan raƙuma aka ɗora su. Marigayi Waziri Junaidu na Sakkwato ya rayu yana tattara rubuce-rubucen magabata, masu bincike na gida da na waje suna zuwa ƙofarsa. Kai dai ka zo ne da teburi da kujera da kati, ta hanyar ɗakunan karatun En'e da kuma babban laburaren Jihar Arewa da aka kafa a Kaduna farkon shekarun 1950. Abin da ka ƙara a kan na dā shi ne, ba sai mutum yana da malami ko uba sananne ba kafin a buɗe masa.

Akwai labarin da in na tuna nake jin kunya. A watan Janairun 2013, 'yan bindigar da suka mamaye Timbuktu, da suka ga za su bar garin, suka cinna wa rubutattun littattafai wuta a Cibiyar Ahmad Baba, wajen dubu huɗu suka salwanta. Duniya ta yi ta salati. Amma kafin wannan rana su Abdulƙadir Haidara sun riga sun kwashe dubban ɗaruruwa cikin akwatunan ƙarfe, wasu a mota wasu a kwalekwale ta kogin Kwara, har Bamako, da ransu a hannu. Can sai da aka zo da bindiga da ashana. Mu nan ba mu buƙatar kowa ya wahala. Kwano uku ne suka yaye a rufinka, muka bar wa damina da gara aikin, suna yi mana kyauta ba ko sisin kwangila.

Ba zan ce ka kai kuka wurin babban yayanku na Abuja ba. Dokar da ta kafa Laburaren Ƙasa tun 1964 take, kwangilar gina masa mazauni na dindindin kuwa a 2006 aka bayar, yaran da aka haifa a shekarar suka yi rarrafe, suka yi firamare, suka gama sakandare, ginin yana tsaye da ƙarafa a waje shi kuma yana zaman haya. Wanda yake neman inda zai sa haƙarƙarinsa ba a kai masa ƙarar yoyon ɗaki.

Yanzu ka yi haƙuri, Baba, in faɗa maka naka laifin, don ba a gyara ɗaki a bar ƙofa. Kana rufewa ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da mai sana'a yake samun kansa. Asabar da Lahadi kuwa ko sallama ba ka amsawa. Taswirar da ke bangonka har yau jiha 19 take nuna wa Nijeriya, alhali tun 1996 muke da 36. A kantar kimiyya akwai littafin da yake yi mana albishir cewa wata rana za a ƙera kwamfutar da za ta shiga ɗaki guda. Babban laifinka kuwa girman kai. Lokacin da su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka sa matan aure da 'yan mata suna karatu har fitila ta ƙare mai, kai ka ɗaga hanci ka ce littattafan soyayya ne, ba ajinka ba. Masu shagon hayar littafi suka kwashe maka jama'a. Uwargidana ta karanta littattafai a hannun mai haya na bakin layinmu fiye da duk abin da na karanta a wurinka, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ƙofarka ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata cewa da ita aka gina ka.

Duk da haka, bari ka ji abin da na gani. Washegarin ranar mai shadda na yi ta maza na shigo, karo na farko tun 1988, hula a karkace kamar mai shiga kotu. Ƙamshin nan yana nan, na tsohuwar takarda da ƙura da sanyin siminti. A ƙofa na ga farantin gyaɗa a ƙarƙashin bencin mai gadi, an rufe da ɗankwali. Mai farantin tana ciki, yarinya ce da ba ta wuce sha shida ba, ta baje tsofaffin tambayoyin JAMB, tana rubutu da wani guntun fensir da bai kai ɗan yatsa ba. In ta kasa wata tambaya sai ta ciji gefen hijabinta ta dubi silin. Can kusa da taga wani dattijo ɗan fansho ya ɗora tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya, yana bin jaridar shekaranjiya layi layi da yatsa. Wani saurayi da rigar da aka goge da gawayi yana rubuta takardar neman aiki, ya yaga, ya sake. Na ja kujera na zauna. Awa biyu cur, Baba, babu wanda ya zo ya tsaya mini a ka ya ce, "Alhaji, me za a kawo?" Na yi ta tunani, ina kuma a garin nan talaka zai zauna a inuwa, a kan kujera, cikin shiru, ba a tambaye shi ko kwabo ba? Masallaci ne kawai, shi ma ana idar da salla ladan yake fara kaɗa makullai. Yarinyar nan in ta koma gida, ɗaki ɗaya ne da ƙanne shida da rediyo da wanke-wanke. A cikin shaguna 36 na mai shadda, ban san wanne ne zai ajiye mata farantinta ba.

Ga shawarata. Da farko ka sa a rubuta da jan fenti a katanga cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, kamar yadda masu gidajen gado suke yi, ko da yake na lura irin wannan rubutu ya fi jawo dillalai. In bai yi ba, ka bar ni in watsa a wurin mai shayi cewa akwai aljanu a ɗakinka na baya, masu karatun dare, waɗanda ba su son awo. Kafin Juma'a labarin ya kai kasuwa, an ƙara masa ƙafa da kai. In duk an ƙi ji, to ka nemi wani mai neman kujera ya zo ya shafa maka fenti a fuska ya yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Ciki ba zai canza ba, amma aƙalla shekara huɗu ba mai taɓa bangon da ke ɗauke da sunansa.

Maganar Ruwan Bagaja kuwa, kada ka sa rai tukuna. Yana cikin adakar uwargida, an shimfiɗa masa ganyen darbejiya, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa leƙa shi ba. 'Ya'yana huɗu a kansa suka iya haɗa baƙi. Da na duba kantar da na ɗauko shi, sai na tarar maƙwabtansa na wancan lokaci sun kumbura da ruwa, sun manne da juna kamar ƙuli-ƙulin da ya sha raɓa. Ba na cewa sata ta yi rana, Allah Ya kiyaye. Na dai riƙe shi jingina har ranar da rufinka ya daina zuba.

Kuma da nake zaune ni ma na yi nawa awon da ido. Kwano uku ne, da katako biyu da suka ruɓe ta wajen kusurwar arewa, sai ƙusa kamar kilo ɗaya. Ina da ragowar kwano daga wani aiki da na gama. Zan zo ranar Asabar da hantsi, da tsani da yarona guda. Na san ba ka buɗewa Asabar, shi ya sa nake roƙo ka yi wa Malam mai gadi magana ya zo da makulli, kuma ya ɗaure karen nan. Naira 675 ɗin ma zan taho da ita, a tanadar mini rasit.

Naka mai laifi,
Mai kati mai lamba 412, wanda wanki ya cinye tun tuni.