Ire-iren Masu Ƙidayar Tsuntsaye a Dausayin Haɗejiya da Nguru

A tsakiyar watan Janairun kowace shekara ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe fiye da ɗari. An fara wannan aiki a 1967, kuma ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara sakamakonsa. A arewacin Najeriya babban fagensa shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, inda kogunan Haɗejiya da Jama'are ke bazuwa cikin fadamun Jigawa da Yobe kafin ruwan ya kama hanyar Tafkin Cadi. Nan agwagin Turai da na Rasha ke cin hunturu tare da 'yan gida irin su dinya da ƙirinjijiya da zalɓe da balbela, sai wajen Maris da Afrilu baƙin su juya gida. Tafkin Nguru da mashigar Marma ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin muhimman dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008.

Tsuntsayen kam an daɗe da rubuta su a littattafai, da kamanninsu da kukansu da mazauninsu. Waɗanda ba a tsara ba su ne masu aikin sa-kai da ke zuwa ƙirga su: ɗalibai, malaman makaranta, ma'aikatan gandun daji, da wanda kawai ya ji an ce akwai tafiya. Su ma sun kasu jinsi-jinsi, kuma ana gane kowane tun kafin a kwance kwalekwale.

Na farko shi ne Mai Ɗaiɗai. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ƙirga hamsin ko ɗari, a riƙe girman wannan gungu a ido, a auna sauran garken da shi. Mai Ɗaiɗai yana ganin wannan ha'inci ne. Shi sai ya bi agwagi dubu uku kai da kai, leɓe na motsi kamar mai jan carbi. Yana kaiwa ɗari huɗu da sha biyu shaho ya gifta, garken ya tashi ya sake zama, shi kuma ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ɗaya." Ba ya cutar da kowa, sai dai ƙungiyar da ke da shi ba ta cin abincin rana kafin la'asar.

Mai Hoto yana zuwa da farar shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki, bayan an yi ta nanata cewa a sa tufafi masu launin ƙasa. Tsuntsaye na hango shi daga nisan kilomita. Alamarsa ita ce miƙewa tsaye a tsakiyar kwalekwale da madubin hangen nesa na aro a wuya, murfinsa ba a ko cire ba. Kafin azahar mutanen Facebook sun san cewa yana ceton muhalli.

Mai Tsoron Ruwa yana zama daram a tsakiya, hannu biyu a gefen jirgi, kuma tambayarsa ɗaya ce: "Baba, nan akwai kada?" Ruwan da yake karanto wa duk addu'o'in da ya sani sau da yawa bai wuce gwiwa ba. Ba ya ganin tsuntsu ko ɗaya, amma yana dawowa gida da lada mai yawa.

Mai Waya kuwa sai an yi rabin sa'a ana lallaɓawa cikin shiru an kusa garken dinya, sannan wayarsa ta ɗauki ƙara. Ba ya kashewa, ɗagawa yake yi, ya sanar da mai kiran da iyakar muryarsa cewa ba zai iya magana ba don kada tsuntsaye su tashi.

Jinsin da ya fi kowa cika ido shi ne Gwani, kuma ya cancanci dogon bayani. Gwani ya taɓa halartar taron bita na kwana uku a wani otal shekaru da suka wuce, kuma tun daga ranar bai sake zama mutum irin na da ba. Ana gane shi da 'yar shara mai aljihu goma sha biyu, malafar yawon daji mai igiya a haɓa, da littafin tsuntsaye mai kauri wanda ya sa wa takardu masu launi a gefe. Mazauninsa gaban kwalekwale, kusa da babban madubi mai ƙafa uku, kuma idan ya manna ido a kansa sai dai sauran jama'a su ji labari.

Gwani ba ya kiran tsuntsu da sunan da uwarsa ta koya masa. Idan yaro ya nuna ya ce ga balbela, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, "Bubulcus ibis kake nufi." Ƙirinjijiya a bakinsa Dendrocygna viduata ce, yana faɗa yana duban fuskokin mutane don ya ga inda kalmar ta sauka. Tsuntsun da kowa ya sani ba ya burge shi. Dinya dubu za su wuce ta kansa bai ɗaga ido ba, domin shi baƙon da ba a taɓa gani a ƙasar nan ba ya zo nema, kuma kowace shekara yana samunsa. Can nesa, a bakin kacalla, wani baƙin abu zai motsa. Gwani zai ɗaga hannu a tsayar da jirgi, ya rage murya, ya fara buɗe shafuka da yawu a yatsa. Zai bayyana tsawon wuyan abin, da yadda yake kaɗa fiffike, da ƙasar da ya fito. Mai tuƙa kwalekwalen, dattijon da ya shekara arba'in yana su a wannan ruwa, zai duba sau ɗaya da ido tsirara ya ce, "Ranka ya daɗe, leda ce." Gwani zai amsa cikin haƙuri, "Baba, wannan harka ce ta ilimi." A sa gora a tura jirgi ta cikin laka har minti ashirin, a watsa garken da aka zo ƙirgawa, a iso a tarar da baƙar leda ta maƙale a kara tana kaɗawa. Gwani ba ya jin kunya. Zai ce tsuntsun ya tashi tun ana nesa, ledar kuwa dama tana wurin, kuma zai rubuta a littafinsa na aljihu cewa akwai yiwuwar an gani. Da yamma a masauki yiwuwar ta zama kusan tabbas. Baɗi war haka labari ne da yake ba sababbin zuwa, har da launin ƙafar tsuntsun. Duk da haka ba a barin sa a gida, domin madubin nasa ne, kuma shi kaɗai ke tunawa ya zo da batir.

Mai Tukunya shi ma masani ne, amma ta wata fuskar. Kowane tsuntsu yana auna shi da yawan mutanen da zai ƙosar. Dinya a wurinsa ta mutum shida ce, ƙananan agwagin Turai kuwa wahalar fige ce kawai. Idan aka biya ta wurin masunta suna zazzage mali, shi ne kan gaba wajen tantance tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da gaiwa, ba ya kuskure ko ɗaya, kuma yana ƙarawa da farashin kowanne. A hanyar dawowa motar duk warin bandar kifinsa take yi.

Mai Alawus ba ya tambayar inda za a je. Tambayarsa ko kuɗin mota a hannu za a bayar ko ta banki, kuma yana sa hannu a takardar halarta da kyakkyawan rubutu fiye da kowa.

Dattijon Da-Can yana zaune a baya yana girgiza kai. Duk adadin da aka faɗa, shi ya ga ninkinsa goma kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, lokacin da ambaliya ke mamaye fadama, kacalla ba ta toshe hanyoyin ruwa ba. Matasa na yi masa dariya a ɓoye. Matsalar ita ce a mafi yawan abin da yake faɗa yana da gaskiya.

Akwai jinsi ɗaya da ba abin dariya ba ne, wato Mai Cika Fom a Inuwa. Ana ba shi yankinsa, a ba shi takarda da jirgi, sai ya samu gindin giginya ya kishingiɗa, ya sallami mai jirgi, ya cike layuka daga kansa. Ana gane aikinsa da adadi masu santsi, ɗari biyar, dubu biyu, dubu biyar, da kuma takalminsa da ba ya taɓa laka. Wani lokaci ƙarya na tona kanta, kamar idan ya rubuta shamuwar damina ɗari uku a tsakiyar hunturu, alhali ko yaron ƙauye ya san sai ruwa ya kusa take dawowa. Sauran lokuta ba mai kama shi, adadinsa ya shige cikin na mutanen da suka wuni a rana. Amfanin ƙidayar gaba ɗaya yana ga kwatanta bana da bara da shekaru ashirin baya. Cikin ma'aunan Ramsar akwai cewa wuri ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi. Da irin waɗannan alƙaluma ake kafa hujja cewa dausayi na ƙanƙancewa, kuma ruwan da agwagi ke nema shi ne wanda manomin shinkafa da masunci da makiyayi ke jira. Gwani yana ɓata rabin sa'a, kowa kuma ya ga ledarsa da idonsa. Mai Cika Fom kuwa yana ɓata aikin shekaru, ya karɓi godiya, har wani lokaci a yaba masa cewa ya fi kowa saurin gamawa. Irin wannan gara ya zauna a gida.

Na ƙarshe shi ne Mai Riƙe Takarda. Aikinsa rubuta abin da masu madubi suka kira, don haka kansa a sunkuye yake wuni, kuma bayan shekaru yana zuwa har yanzu ba ya rarrabe ƙirinjijiya da agwagwar Turai sai an faɗa masa. Ya zaɓi wannan aiki ne saboda wurin zamansa ya fi bushewa. Yana da ɗabi'ar barin tsuntsaye ya koma kallon abokan tafiya, yana 'yan rubuce-rubuce a bayan fom yana murmushi shi kaɗai. A dalilin haka akan tarar da layin dinya babu komai a takardarsa, sai a koma a tambayi Mai Ɗaiɗai, wanda zai ce a ba shi minti goma ya sake farawa. Daga bayan irin wannan fom aka kwafo bayanin da ya gabata.