Fitilar da Ke Haska wa Tururuwa

A makon nan wasu kekunan da ke ratsa Angwan Iya a Keffi bayan isha'i sun fito da sabon salo: shuɗiyar fitila a ƙarƙashin ciki. Ba gaba take haskawa ba, ba baya ba, ƙasa ta zuba wa ido. To, wa ake haska wa? Sai dai in tururuwan Keffi ne suka kai kuka cewa duhu ya hana su kiwo. Ko kuwa direban tsoro yake kada kwaltar ta sulale ta bar shi, shi ya sa ya ɗora mata mai gadi. Ramin da ka gani da wannan fitilar dai ka riga ka faɗa cikinsa, abin da ka ƙaru da shi kawai ka faɗa cikin shuɗin rami.

Wannan ya isa shaida cewa ba don gani ake ƙara fitilun nan ba, don a ga mutum ne. Mai musu ya zagaya bayan abin hawan: ja da kore na ta walƙiya kamar gidan biki, amma fitilar birki ta mutu tun bara, sigina kuwa hannun direba ne. Za a ce ai hanyar Akwanga da duhu, ga ramuka, ga dabbobi na tsallakawa. Gaskiya ne, mai son ganin hanya ba a ga laifinsa ba. Amma shi wannan, wanke gilashin fitilarsa yake ya saita ta ta kalli titi. Wanda ya ɗaure farar sandar fitila a saman motarsa Sharon, ya ƙi saukewa in an yi gaba da gaba, ganin wani ya ƙwace ya ƙara a nasa. Ɗan acaɓan da ya makantar ɗauke yake da mai goyo, kuma shi ne zai lalubi bakin kwata da ƙafa. Wannan ba ado ba ne, rashin imani ne.

Abin tausayi a lamarin nan shi ne fiyus. Batirin mota bolt 12 ne, ƙwan da kamfani ya sa wat 55. Sandar wat 120 kuwa amfiya 10 take zuƙa ita kaɗai, ga ta an ɗosana a siririyar wayar rediyo, babu rile, an murɗa da haƙori an naɗe da salatif. Fiyus, bawan Allah, aikinsa ke nan ya ƙone don kada mota ta ƙone. Da ya yi aikinsa sai a ce jabu ne. Mai wayarin ya ce, "Oga, a canja waya," oga ya ce, "Kai dai haɗa min dairek." Sai a tuɓe fiyus daga muƙaminsa, a naɗa takardar kwalin sigari a gurbinsa, ita kuwa ba ta taɓa cewa a'a ba. Ranar da hayaƙi ya turnuƙe daga ƙasan sitiyari, oga zai diro yana salati, yana tambayar wa ya yi masa baki.