Ranar da Mpape Ta Motsa

A farkon watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi ta motsi a Mpape da ke Abuja, ana jin rugugi daga ƙarƙashi, kwanuka suna kaɗawa a kan kanta, har Maitama ta masu hannu da shuni ta ɗanɗana. Ba a ji labarin asarar rai ba. Asirai kam sun tonu.

Akwai maigida mai ciwon gwiwa, wanda ya yi shekaru yana sallah a zaune. Kafin uwargida ta kai ƙarshen salati, shi yana bakin titi da singileti da takalmi wari guda. Da ƙura ta lafa ya dawo yana gyaran murya: "Ai fili na je nemo muku." Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Ga ɗayan takalmin." Tun daga ranar, duk gardamar da ta taso a gidan, takalmin nan ne ke kashe ta.

Uwar adashi kuwa ta fito lafiya, ta tuna da gwangwanin kuɗin zubi, ta koma. Ana janye ta tana fizgewa: "Ku sake ni, gara gini ya faɗo mini da in fuskanci matan layin nan!" Wanda ya san matan layin bai ga laifinta ba.

Sai mai musu. Mpape unguwar duwatsu ce, kamfanonin fasa dutse sun daɗe suna tayar da nakiya a gefenta, don haka shi ko shayinsa bai ajiye ba. "Nakiya ce kawai." Aka ce masa, Malam, wa ke fasa dutse a wannan lokaci? Ya ce aikin gaggawa ne. Da hukumar birnin ta dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin, ya bi rumfa rumfa yana cewa ba ga shi ba. Da ƙasar ta sake motsawa a Satumbar 2024, ya ce ragowar nakiyar wancan karon ce. Ina jin tausayin irinsa, don in nakiya ce akwai wanda za a kai ƙara. Tsagar da ke cikin dutsen ƙarƙashin ƙasa, wadda ke tara matsi shekara da shekaru sannan ta goce ba sallama, ba ta da ofis balle manaja.

Abin da ya dami attajirin Maitama ke nan. Yana da katanga da waya mai lantarki a samanta, da ƙofar ƙarfe, da karnuka, duk an tanade su don abin da zai zo ta gaba ko ta baya. Ba wanda ya taɓa sayar masa da maganin abin da zai ɓullo ta ƙarƙashin tayil. Ya kira maigadi yana faɗa: "Wa ka bari ya shigo?" Maigadi ya ce, "Ranka ya daɗe, tun kafin a gina gidan take ciki."

Mai tuban gaggawa shi ne abin kallo. Ya kama Suratul Zalzala ya kasa kai ta ƙarshe, ya yafe wa kowa, ya rungume mai shagon da yake bin sa bashi tun azumi, yana rantsuwar gobe da safe zai biya. Gari ya waye ƙasa shiru. Mai shago ya aika yaro, aka ce a gaya masa ai firgita ba ta zama alkawari.

Ga kuma farfesan WhatsApp, wanda tun kafin masana su duba na'urorinsu ya riga ya tura murya cewa babbar girgizar na nan tafe ƙarfe biyun dare. Babu masanin da ya taɓa iya faɗin ranar girgizar ƙasa balle sa'arta, amma unguwa guda ta kwana a waje tana ciyar da sauro. Yana son ambaton ma'aunin Richter, sai dai bai san cewa ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32 ba. Da wadda ta auka wa Turkiyya a Fabrairun 2023 mai maki 7.8 ta ci rayuka sama da 50,000, sai ya ce ai irin ta Mpape ce, ta ɗan fi ta kaɗan.

Mai bin doka ya ji hukumar agajin gaggawa ta ce a shige ƙarƙashin tebur a nisanci taga. Ya duba ɗakinsa, daga katifa sai tabarma sai risho. Ya kifa baho a kai.

Shi kuwa mai barci bai ji komai ba, sai da safe ya tarar da labari a wurin mai ƙosai. Kafin azahar ya fi kowa sanin yadda aka yi. Shi ya ga bango ya rusuna ya miƙe, shi ya fito da tsohuwar gidansu a kafaɗa. Tsohuwar tana Zariya tun Sallah.