Wasiƙa Zuwa Ga Dattijo IPv4

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ko da yake wannan lafiyar taka ce ta hana mu sakat.

Jiya da daddare wani shafin intanet ya rufe mini ƙofa, wai an ga ɓarna daga adireshina. Ni da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba! Aka tsare ni da hotuna: nuna danja, nuna keke, nuna gada, wai sai na tabbatar ni ɗan Adam ne. Na nuna har idona ya yi ja, aka ce in sake.

Kuma laifinka ne, Baba. A 1981 aka yanka maka adireshi wajen biliyan 4.3, ka hau rabo ba lissafi: Apple da Ford kowanne ya kwashi sama da miliyan 16 shi kaɗai. A Fabrairun 2011 rumbun IANA, hukumar da ke raba adireshin intanet, ya ƙare ƙarƙaf. Mai kunya da a ranar ya sauka. Kai ko gezau! Sai kamfanonin waya suka riƙa cusa mu, jama'a guda, a bayan adireshi ɗaya kamar gidan haya. Wani ɗan damfara a ɗakin ƙarshe ya yi aika-aika, a zo a kame gidan duka, har da liman. Wa ya san da wa nake tarayya jiyan nan? Wa ya nemi yardata?

Magajinka IPv6 tun 1998 yake zaune da takardunsa a hannu, har bikin ƙaddamarwa aka yi masa ranar 6 ga Yunin 2012. Adireshin da yake da shi ya ishi jikokin jikokinmu da firijinsu. Shi ma ban wanke shi ba: ba ya jin yarenka, ba ka jin nasa, dole kamfani ya ɗauki nauyinku ku biyu ko ya sa tafinta. Da an zo maganar kuɗi sai a ce baɗi.

Ga shi ka zama haja. A 2011 Microsoft ta biya dala miliyan 7.5 ta sayi ragowar adireshin kamfanin Nortel, Amazon kuma tun 2024 take cajin hayar kowane guda.

Don girman Allah ka tattara ka sauka. In kuma ka ƙi, a ba ni adireshi nawa ni kaɗai, laifina ya zama nawa.

Naka,
Wanda ya gaji da nuna danja