Bazazzagi Ya Sayi Filashi

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na gaishe ka daga birnin Dabo. Labari ya iso mini cewa ka hana majalisa sakat da ƙorafi. Wai ka sayi filashi mai gig 64, an rubuta a kwalinsa megabayit 150 a daƙiƙa, amma da ka zo tura bidiyon bikin 'yarka sai da ka je ka yi la'asar ka dawo, koren layin nan bai kai ƙarshe ba. Har kana rantsuwa wai Bakano ne ya cuce ka. To gyara zama. Ga ku da jami'a a gari tun 1962, amma karatun bayan kwali ya gagare ku, sai ɗan kasuwa ya biya muku.

Lambar nan da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaba ta ɗebowa ce, wato saurin kwaso abin da ke cikin filashi zuwa kwamfuta. Kai kuwa zubawa ka zo yi. Saurin zubawa ba kasafai ake rubuta shi ba, in ma an rubuta to can baya ne, da ƙananan baƙaƙen da sai ka nemo tabarau. A filashi mai araha, wanda na san shi hannunka zai fara kaiwa, zubawar kan tsaya tsakanin megabayit 10 da 20, wani ma bai kai haka ba. An ce bidiyon naka gig 18 ne. Da a kan 150 ake zubawa, minti biyu ya ishe ka. A kan 10 kuwa rabin awa ne cur. Ban ce kamfanonin sun kyauta ba, don sun san sarai wace lamba ido zai kama. Rabin gaskiya suka faɗa maka, kai kuma ka cike sauran da kwaɗayi.

Na ji abin da ya fi ƙona maka rai shi ne yadda ya tashi da gudu da farko, har ka ƙwala wa uwargida kira ta zo ta ga abin da mijinta ya sayo. Kafin ta ajiye muciya ta iso, lambar ta rikito ƙasa. Wannan kuwa ai bai kamata ya ba ka mamaki ba, don halin gidanku ne. Baƙo ya yi sallama, kun tare shi da lale marhabin a zaure, an shimfiɗa tabarma nan take, amma tuwo sai bayan isha'i. Filashi da yawa suna da ɗan zaurensu, wani ƙaramin sashe mai karɓar kaya da hanzari. Da zarar ya cika, sai a koma shigar da kaya cikin gida a ainihin saurin da kuɗinka ya saya. Ga kuma zafi: irin 'yan mitsi-mitsin nan masu jikin ƙarfe, in suka ɗau zafi da kansu suke rage gudu don kada su lalace. Taɓa shi ka ji.

Sai laftof ɗin nan taka 'yar gwanjo. Ɗaga ta ka leƙa kafar da ka soka filashin. In harshen da ke ciki baƙi ne, galibi USB 2.0 ce, fasahar shekarar 2000. A takarda megabit 480 take ɗauka, kuma ka lura, megabit na ce. Sai ka raba gida takwas kafin ka sami megabayit, ka ga 60 ke nan, a aikace kuwa da wuya ta wuce 40. Mai shuɗin harshe, ko mai alamar SS a gefe, ita ce 3.0 da ta fito a 2008, mai gigabit 5. In dai baƙar kafa ce gare ka, ko ranar ɗebowar ma ba za ka ga 150 ɗin nan da idonka ba, kuma wannan ba laifin mai shago ba ne.

An ce kana cika baki wai naka 3.2 ne, ya fi na maƙwabcinka mai 3.0. Duba da kyau, in akwai Gen 1 a gabansa to abu ɗaya ne. 3.0 ɗin ne aka sake wa suna zuwa 3.1 Gen 1, aka kuma mayar da shi 3.2 Gen 1, gudun na nan yadda yake.

Hotunan kamu da na walima da za ka tura gobe kuwa, ka shirya haƙuri, sun fi bidiyon ɓata lokaci. Kowane hoto sai filashi ya buɗe masa rajista, ya rubuta suna da mazauni, kafin ya waiwayi na gaba. Ƙulle su cikin zip guda ɗaya tukuna. Kuma in kwamfuta ta nuna maka 59 ko ƙasa kaɗan maimakon 64, kada ka tara mana jama'a: kamfani na ƙirga da 1000, Windows na ƙirga da 1024. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne jabu, mai nuna 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Sa yaro ya sauke maka manhajar H2testw ya cika filashin ya gwada, kafin ka goge bidiyon daga waya ka jawo wa kanka fushin amarya da uwarta.

Ladan wannan karatu damin rake ne na Maƙarfi. Ka ba direban motar Kano, kada ka ce sai ka zo da kanka, na san ku.