Kama da Wane Ba Ta Wane

Ana gobe Sallah na zaunar da Abba a kan turmi zan yi masa aski. Na share gefen dama tas, na doso tsakiyar kai, sai kilifa ta yi gurnani ta ɗauke wuta da gashin yaro a bakinta. Alhali kwana ta yi a caji.

"Baban Abba, ka kai shi wurin mai aski mana," in ji uwargida.

Na ce Allah ya kiyaye. Batir ne ya tsufa, kuma na sha tsayawa a kan masu gyara ina kallo. Mene ne a ciki?

Da na kwance ta, sai ga batura biyu koraye, girman na rimot, kowanne da ɗan harshen ƙarfe da aka liƙa da dalma. Akwai rubutu a jikinsu, amma tabarauna yana ɗaki. Na garzaya kasuwa na zaɓo shuɗɗa guda biyu, tsawo ɗaya, kauri ɗaya. Yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, a me za a sa?" Na ce ya ba ni canjina.

Na dawo babu wuta, don haka na cusa ƙusa a murhun gawayin uwargida, na riƙo ta da filaya. Sababbin baturan ba su da harshe, kansu sumul. Dalma ta ce ba ta san zancen ba: ta narke, ta dunƙule, ta gangaro ta sauka a bayan ƙafata. Rawar da na taka a tsakar gida, ko ranar aurena ban yi irinta ba. Na koma na danne ƙusa a kan batir har ya gagari riƙewa, sannan waya ta kama.

Ina kunnawa kilifa ta kurma ihu. Abba ya tsallake turmi ya yi zaure da rabin kai. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko injin markaɗe muka saya. Can sai ƙauri, sai shiru.

Da na kai kilifar wurin dattijon da ke gyaran rediyo a bakin titinmu, ya juya baturan, ya dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, ka sa ta a caji?"

"Babu wuta."

"To ka yi sadaka."

Ya ɗora mita ya nuna mini. Tsofaffin na nikel ne, kowanne bolt 1.2, biyu 2.4. Nawa kuwa na litiyam ne da ake kira 14500, kowanne 3.7. Wato 7.4 na ɗura wa motar kilifar, fiye da ninki uku. Ya ce litiyam yana cika ne a 4.2, kuma dole cajarsa ta san inda za ta tsaya. Cajar nikel ba ta sani ba, sai batir ya kumbura ko ya kama da wuta.

Batun ƙusa kuwa, sai da ya yi salati. Dalma tana narkewa a wajen digiri 183, shi kuma litiyam ko 60 ba ya so ya wuce, domin wata siririyar leda ce kawai ta raba ɓangarorinsa biyu a ciki. Shi ya sa ake sayen mai harshe daga kamfani, a yi liƙi a kan harshen. A ɗauki hoto kafin a cire komai. A kankare harshe, a shafa man liƙi, a fara sa dalma a waya da harshe daban-daban, sannan a haɗa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Jar waya ta tafi wurin alamar tarawa, a gama ɗaya a naɗe da tef kafin a taɓa ɗayar. Tsohon batir kuma ba a jefa shi jujin da ake ƙonawa. Nawa dai ya binne su a gwangwanin yashi, nesa da rumfarsa.

Na yi ta gyaɗa kai irin na wanda ake tuna wa karatu. Har gobe ina nan a kan bakata: laifin masu ƙera batir ne da suka yi su girma ɗaya.

Motar ta ƙone, Abba ya sha ƙwal-kwabo a hannun wanzami, ya je idi da hula har kunne. Bayan Sallah na dubi fankar cajin uwargida na ce kamar ta rage ƙarfi. Ba ta ce uffan ba. Da yamma na ga almajirinmu ya ɗauke ta a ka, an kai ta ajiya gidan surukata.